Gadon da ɗan Tasawa ya bar wa iyaye: sharhi kan littafin Abdou Moumouni

Duk uba da duk uwa da ke da yaro a lakwal, daga Issawane zuwa Mayahi, daga Mayahi zuwa Tasawa, ya kamata su san sunan wannan littafi ko da ba su taɓa riƙe shi a hannu ba: L'Éducation en Afrique, wato Ilimi a Afirka. Farfesa Abdou Moumouni ne ya rubuta shi. Maɗaba'ar François Maspero ta buga shi a birnin Paris a 1964, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1968, sannan Présence Africaine ta sake fito da shi a 1998. Ya haura shekara 60 a duniya, amma har yau bai tsufa ba ko kaɗan. Ni masoyinsa ne na gani-kashe-ni, kuma ba na ɓoye wa kowa. Littafi ne da ya ɗaga darajar uwa mai daka da uba mai hauya, ya ce su ma malamai ne, ya kuma kafa hujja a kan haka. Madalla da wannan aiki, madalla da wanda ya yi shi!

Tun kafin a buɗe shafin farko, marubucin da kansa darasi ne. A Tasawa aka yanke masa cibi ranar 26 ga Yuni 1929. Asalin gidansu Kirtachi ne, can bakin kogin Isa, amma ƙasar nan tamu ce ta fara ɗaukar sawunsa, ranar nan tamu ce ta fara dukan kansa. Ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty a Senegal, inda ake tara zaɓaɓɓun ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, daga nan sai Paris. A 1956 ya ci jarrabawar agrégation a fannin fizik, jarrabawar da ƴaƴan Faransawa kansu ke jiƙewa da gumi kafin su haye, kuma shi ne baƙar fata na farko daga ƙasashen Afirka renon Faransa da ya ci ta a wannan fanni.

Da wannan takarda a hannu, da ya so sai ya yi zamansa a Turai ya ci mai kyau ya sha mai sanyi. Bai so ba. Lokacin da Gini ta ce wa Janar de Gaulle a'a a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta da malamanta, yana cikin ƴan Afirka da suka tafi Konakiri don kada azuzuwa su zama kango. Ya koyar a Bamako, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a can, ya sami babban digirinsa na dokta a 1967. A 1969 ya dawo gida ya riƙe ragamar ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar, har zuwa 1985. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982. Allah ya yi masa rasuwa ranar 7 ga Afrilu 1991, kuma tun 1992 babbar jami'ar ƙasarmu sunansa take amsawa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na tsaya a kan tarihinsa ne saboda yaro ba ya bin abin da bai gani ba. In duk wanda ɗan Issawane ya gani ya dawo gari da babur sabo da babbar waya daga ci-rani ya fito, daga Kano ko Libiya ko Aljeriya ko ramukan zinariya na Jado, to zuciyarsa can za ta karkata, kuma ba laifinsa ba ne. Sai an nuna masa wani gwarzon dabam. Ga shi kuwa muna da shi a ƙofar gida. Ka ce wa yaro: "Ka san Tasawa, inda muke zuwa cin kasuwa? A nan aka haifi mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa." Ka duba idonsa a lokacin. Wannan magana ɗaya ta fi bulala goma aiki.

To, mu shiga cikin littafin. Kashin da na fi ƙauna, wanda ba na gajiya da komawa gare shi, shi ne na farko, inda ya yi bayanin tarbiyyar gargajiya kafin zuwan Nasara. A zamanin da ya rubuta shi, masu mulki sun daɗe suna cewa Afirka ba ta san ilimi ba sai da suka kawo mata. Abdou Moumouni bai tsaya zage-zage ba. Ya zauna a tsanake irin na masanin kimiyya, ya warware abin dalla-dalla. Ya nuna cewa tarbiyyar kakanninmu tana da tsari: al'umma duka ce ke ɗauke da nauyinta, a ɗaure take da rayuwar yau da kullum, tana gina jiki da hali da hankali da sana'a a lokaci guda, kuma tana tafiya mataki-mataki gwargwadon girman yaro. Abu huɗu ke nan, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye zai karanta su yana gyaɗa kai.

Dubi yadda ya bi matakan. Daga haihuwa zuwa wajen shekara 6, yaro yana hannun uwa, a bayanta yake, a bakinta yake koyon magana. Daga nan zuwa wajen 10, namiji ya fara bin maza, mace ta fara bin mata, kowa da ƙananan ayyukansa. Daga 10 zuwa wajen 15 aikin ya ƙara nauyi, aka fara ba shi amana, aka bar shi ya ji maganar manya. Sai kuma a shigar da shi sahun magidanta. In ka ɗora wannan a kan garuruwanmu, sai ka ga komai ya zauna daram. Tatsuniyar kaka bayan sallar lisha darasin harshe ce da hikima. Kacici-kacici wasa ƙwaƙwalwa ne. Dara lissafi ce. Langa da kokawa a dandali suna gina jiki da juriya. Yaron da ke bin ubansa gandu, har a yanka masa gayauna tasa ta kansa, yana koyon ƙasa da iri da lokacin shuka. Yarinyar da ke ƙirga tiya nawa aka ɗebo daga rumbu, tana lissafa dala nawa ta rage bayan an sayi gishiri da daddawa, ta riga ta fara kasafi kafin ta san sunansa. Ɗan maƙeri a bakin zuga ya san ƙarfe da wuta, ɗan majemi ya san abin da bagaruwa ke yi wa fata. Waɗannan misalan nawa ne, amma littafin ne ya buɗe mini ido na gan su a matsayin makaranta.

Ai a nan daɗin yake! Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba takan ce: "Ni me na sani? Wannan aikin mushen lakwal ne." Littafin nan yana amsa mata da cewa: Inna, ke ce mushen farko. Shekara shida kina koyarwa kafin wani ya riƙa masa alli. Haka kuma maganar nan tamu ta "ɗa na kowa ne", marubucin ya nuna cewa ginshiƙi ce a tarbiyyar Afirka: kawu da gwaggo da maƙwabci da dattijon da ke zaune gindin bedi, kowa yana da ikon tsawatarwa da ikon yabawa. A garin da wannan ɗabi'a ke raye, ɗan lakwal ba ya yawo a tasha da hantsi ba tare da wani ya tambaye shi dalili ba.

Kashi na gaba kan makarantar mulkin mallaka ne, kuma a nan alƙalaminsa ya yi kaifi. Ya nuna da hujjoji da alƙaluma cewa ba don a wayar da talaka aka buɗe ta ba. An buɗe ta ne don a samu tafinta da akawu da ƙananan ma'aikata masu taya Nasara mulki, kuma ƴan kaɗan ake so, ba a son su yi yawa. Tarihi yana bayansa. Tun tsakiyar ƙarni na 19 Gwamna Faidherbe ya kafa makaranta a Saint-Louis ta Senegal inda ake tara ƴaƴan sarakuna a matsayin garkuwa. Taron Brazzaville na 1944 ya sake jaddada cewa da Faransanci kaɗai za a koyar. Dattawanmu da suka yi lakwal suna tuna sambol, abin da ake rataya wa yaro in an kama shi yana Hausa a farfajiya. Kuma da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Wanda ya karanta wannan kashi zai daina zagin kakanninmu da suka riƙa ɓoye ƴaƴansu in an zo ɗiban ƴan lakwal. Ba wauta ba ce. Sun ga makarantar da ke raba ɗa da harshensa da gonarsa da mutuncin ubansa, suka yi gudunta. Abin da ke burge ni shi ne marubucin bai ce a rushe lakwal ba. Yaya zai ce haka, shi da ya kai ƙololuwarta? Cewa ya yi a ƙwato ta, a mai da ita tamu, a dasa ta a kan saiwar da ke nan tun da. Manoman jihar Maradi za su fi kowa gane wannan. Tun shekarun 1980 suka bar tumɓuke kututture a gona, suka koma sassabe na zamani: a bar tohon da ya fi ƙarfi, a rage sauran, a kula da shi har ya zama gawo ko kalgo. Ta haka ƙasar da ta kai kusan hekta miliyan 5 ta sake yin kore a Nijar, duniya ta zo kallo. Tarbiyyar gida ita ce saiwar da ke raye a ƙarƙashin ƙasa, aikin lakwal ta raya tohon, ba ta tumɓuke shi ba.

Sai maganar harshe, wadda ya riƙe da hannu biyu. Ya tsaya kai da fata cewa yaro ya fara karatu da harshen da ya sha a nono, a kuma koyar da manya karatu da rubutu da harsunansu, domin ba a gina ƙasa da ƴan tsiraru masu jin Faransanci alhali sauran jama'a suna kallo. Ka tuna fa, a 1964 ya faɗi haka, lokacin da yawancin ƴan boko ke ganin wannan magana koma baya ce. Shekara 2 bayan haka, a 1966, masana suka taru a Bamako ƙarƙashin UNESCO don daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 2025 kuwa kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Duk mushen da ya taɓa tsayawa gaban ƴan ajin farko a ƙauye, ya ga yadda fuskokinsu ke washewa da zarar ya juya bayani zuwa Hausa, ya san gaskiyar Farfesa.

Wani abin da ke ƙara mini ƙaunar littafin shi ne mai shi ya aikata abin da ya rubuta. Ya ce ilimi ya zama mai amfani ga ƙasa, a ba kimiyya da fasaha muhimmanci, a haɗa makaranta da aikin hannu. Shi da kansa sai ya dubi abin da Nijar ta fi kowa arziki da shi, wato rana, ya mai da ita abin bincikensa har ƙarshen ransa. A ONERSOL an ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na dafa abinci da na busar da kayan gona, dukansu masu aiki da zafin rana, tun zamanin da duniya ba ta damu da wannan fanni ba. Yau ga faifan sola a kan rufin shago ana cajin waya, ga shi a bakin rijiyar burtsatse yana ɗago ruwa, ga shi a ɗakin shan magani yana riƙe da sanyin allurar rigakafi. Ranar 7 ga Afrilu, ranar rasuwarsa, ita ce Nijar ke tunawa da makamashin da ba ya ƙarewa. Uba na iya kama hannun ɗansa ya kai shi gaban faifan sola ya ce: "Ɗana, ɗan Tasawa ne ya fara yi wa ƙasarmu wannan tunani. Saura kai."

To me uban da ya ji saƙon littafin zai yi gobe da safe? Ba sai yana da kuɗi ba, ba sai ya iya Faransanci ba. Ya tabbata yaro bai fita da ciki wayam ba, ko da kunu ne ko fura. Da dare ya ce: "Kawo kayenka in gani." Ko bai iya karantawa ba, ya san bambancin shafi mai tsabta da mai datti, ya san jan bik in ya yi yawa. Ya sa yaro ya faɗa masa da Hausa abin da aka koya yau, domin wanda ya iya maimaita darasi da harshensa ya gane shi. A bar masa fitila da tabarma da sa'a guda ba aike. In an koma lakwal a watan Oktoba, daidai lokacin da ake fama da girbin hatsi da roron wake, a daure a sake shi ya tafi aji, ya taimaka da marece da ranar hutu. A riƙa leƙa mushe ana gaisawa, ba sai ranar da aka yi faɗa ba. In an kira taron kwamitin kula da makaranta na COGES, maza su je. In ƙungiyar iyaye mata ta AME ta kira, mata su je. Kuma kada a haɗa makarantar allo da lakwal kishi: yaron da ya saba wanke allo da asuba ya riga ya koyi haddacewa da ladabin zama gaban malami, kuma duka biyun suna yi masa amfani a aji.

Ƴaƴa mata kuwa, a nan ne nake roƙo da babbar murya. Alƙaluman UNICEF sun nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma tun Disamba 2017 akwai dokar gwamnati da ke kare karatun ɗiya mace. Amma doka ba ta shiga ɗaki, uwa ce ke shiga. Ita ce za ta sauke wa ɗiyarta farantin talla a lokacin aji. Su ma muna da gwarazan da za mu nuna musu. Ga Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura malamai mata da ake kira jaji zuwa ƙauyuka suna koyar da mata a tsarin Ƴan Taru. Ga Fadji Maina, haifaffiyar Damagaram, masaniyar kimiyyar ruwa, wadda ta fara aiki da hukumar NASA ta Amurka a 2020. Damagaram fa, a kan titin nan da ya ratsa Tasawa. Yarinyar da ta ji waɗannan sunaye daga bakin uwarta ba za ta ƙara yarda cewa lissafi na maza ne ba.

Ba mu kaɗai ke wannan gwagwarmaya ba. A Singafo, Musulmin ƙabilar Malay sun ga ƴaƴansu suna baya a jarrabawa, sai shugabanninsu suka kafa ƙungiyar Mendaki a 1982, suka shirya darussan ƙari masu rahusa, suka riƙa karrama ɗaliban da suka yi fice a gaban jama'a, suka jawo iyaye cikin aikin. Su da tsari na zamani suka yi, mu kuwa gayya muka gada. In gari zai iya fitowa ya nome gonar mutum ɗaya da kiɗa, zai iya fitowa ya gyara rufin aji, ya tara hatsi don ɗaliban da suka tafi kwaleji a wani gari suna zaune gidan mutane, ya kuma yi wa wanda ya ci BEPC ko bak irin tarbar da ake yi wa ɗan kokawa in ya dawo da takobi. Ƴaƴan gari da suka zama likitoci da malamai da injiniyoyi, su riƙa zuwa da hutu suna shiga aji, yara su gan su ido da ido. Mutanen Maradi suna da Dan Dicko Dankoulodo, wanda jami'arsu ke ɗauke da sunansa. Kowane gari yana da nasa, ko da ba a rubuta shi a allon jami'a ba.

Hukuncina a taƙaice: wannan littafi gagara-badau ne. Yana da zurfi, yana da hujja, yana da kishi, kuma daga farko har ƙarshe da mutuncin talakan Afirka yake magana. Duk malamin lakwal, duk dirakta, duk ɗalibin makarantar horon malamai, ya nemi kwafinsa ya karanta da bik a hannu. Kirana ga masananmu na jami'ar Yamai da ta Maradi shi ne su sa shi cikin Hausa, da boko da ajami, domin mutumin da ya yi yaƙi don harsunanmu ya cancanci a ji shi da su. Gidajen rediyon karkara na Mayahi da Tasawa su riƙa karanta shi kashi-kashi da dare, lokacin da iyali ke zaune wuri ɗaya. Ku kuma iyaye, ƴan'uwana na Issawane da kewaye, kada ku jira fassara. Yau da dare ku kira ƴaƴanku, maza da mata, ku ba su labarin Abdou Moumouni, sannan ku ce su kawo kaye ku gani.